Ranar da Na Sare Wayar Baffa

A shekarun da na yi ina karanta labarai a gidan rediyo, da wuya wuni ya wuce ban furta kalmar waya ba. An bugo waya daga Ikko. An buɗe sabon gidan waya a gari kaza. Har akwatin da muryata ke fita ta cikinsa, tsofaffi wayar iska suke ce masa. Kalmar ta Turawa ce, amma ta zauna a bakinmu har ba mai tambayar asalinta. Da waya ake ɗaure kujerar da ta karye, da ita yara ke ƙera mota, da ita maharbi ke ɗana wa zomo tarko. Idan mutum ya ce zai yi waya, ka san magana zai yi da wani na nesa. Idan ya ce zai sayo waya, ka san akwai abin da ya ɓalle a gidansa.

Ni kuwa duk sa'ad da kalmar ta zo mini a takarda, tafin hannuna na dama nake fara tunawa. Akwai tabo a wurin, daga gindin babban yatsa zuwa tsakiya. Wayar da ta yi mini shi mai ƙaya ce, ta ƙanin mahaifina ce, kuma ni na sare ta da gatari, da rana tsaka, mutane suna kallo.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Azare da Katagum, rabinmu manoma masu shanu, rabinmu masu shanu da ke noma. Wayar farko da muka sani ta gwamnati ce, ta tangarahu, wadda ke bin gefen babbar hanya a kan dogayen turaku. Kowace shekara bayan damina mai gari yakan tara maza a share ciyawar da ke ƙarƙashinta, don kada gobarar daji ta kai gare ta. Tun muna yara ake gaya mana cewa garin da waya ta tsinke a ƙasarsa, garin duka ke amsa tambaya. Idan iska na kaɗawa ka kara kunne a jikin turken, sai ka ji wani gunji a ciki. Mutanenmu suka ce maganar Turawa ce ke wucewa. Daga nan suka ɗora nasu tunani: abin da ke ɗaukar magana daga Azare ya kai ta wani gari, ai zai ɗauki taka ma in ka yi ta kusa da shi. Saboda haka mata masu tallan nono idan sun zo tsallake hanya sai su katse hira, su wuce, sannan su ci gaba daga inda suka tsaya. Wanda zai zagi mai karɓar jangali yakan fara duba sama.

Na yi elementare a Azare, kuma na taɓa leƙa cikin gidan waya na ga akawu yana ƙwanƙwasa ɗan ƙarfensa. Na gane cewa waya ba ta ɗaukar komai sai abin da aka buga mata daga baki ɗaya, kuma ba ta sauke shi sai a ɗaya bakin. Da na faɗi haka a gida, aka ce boko ya fara taɓa ni. Ban ƙara faɗa ba.

Karatuna bai yi nisa ba a wannan karon, domin idon mahaifina ya fara rufewa. Yana ganin haske da inuwa, amma ba ya rabe saniya da jaki sai ta yi kuka. Ni ne babba, don haka na dawo gida na karɓi sanda. A lokacin na wuce shekara ashirin. Garkenmu ba babba ba ne, amma shi ne tuwonmu, shi ne suturarmu, shi ne auren ƙannena da ke tafe.

Dole in bayyana yadda muke zaune da gonaki, domin duk maganar a nan take. Da damina gona ta mai ita ce. Yakan kewaye ta da ƙaya, reshen magarya ko na aduwa, kuma saniyar da ta shiga ta ci, mai ita ya shiga uku. Shanu suna bin burtali, wato hanyar da aka bari tsakanin gonaki tun kakanni. Amma idan an gama girbi, an kwashe dawa da wake, mai gari yakan sa a yi shela cewa an saki gona. Daga wannan rana har ruwan farko, ƙasa ta kowa ce. Shanu su ci kara da harawar da aka bari, su bar wa mai gona taki. Wanda ya tarar da ƙaya ta tare masa hanya, sai ya sa sanda ya janye ta gefe ya wuce, ba ya neman izinin kowa. Mai albasa ko mai taba da ke son yin noman rani, shukarsa kaɗai yake kewayewa, ba hanya ba, ba kuma ruwa ba. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Ba a taɓa bukatar rubutawa ba.

Ruwanmu na rani tafki ne guda a cikin fadama, yamma da gari. Sauran kududdufai suna ƙafewa tun sanyi bai wuce ba, shi kuwa yakan kai mu bazara. Filin da ke kewaye da shi na kakana ne. Da aka raba gado, gefen tudu ya faɗo wa mahaifina, gefen fadama ya faɗo wa ƙaninsa, wanda muke kira Baffa. Burtali ya ratsa ta tsakiyar rabon Baffa ya sauka a mashaya. Ba wanda ya ga matsala a wannan, domin haka yake tun kafin a haifi su biyun.

Baffa ya tafi soja lokacin babban yaƙi, ya dawo da takalma masu nauyi da dariya mai ƙarfi. Mutum ne mai kyauta, kuma ba raggo ba ne. Ya ga ƙasashe, ya ga yadda ake shuka abu a bar shi shekara a ƙasa, sai ya ƙudura zai cika fadamarsa da rogo da mangwaro. Wata rana raƙuma suka sauke masa wasu manyan naɗe-naɗe na ƙarfe daga Kano. Ya sa aka saro masa itacen kirya, aka kafa turaku, aka ja waya hawa-hawa. Bai kewaye rogon kaɗai ba. Ya bi iyakar gadonsa kaf, ya haɗa da tafkin, ya tsallake burtali kamar babu shi.

Da damina aka yi wannan aiki, lokacin da ruwa ke ko'ina, don haka ba wanda ya damu. Abin da na fara lura da shi daban ne. Wata safiya na ga mata masu zuwa itace sun iso kusa da shingen suna hira, sai suka yi tsit, suka wuce, suka ci gaba can gaba. Tsoron wayar gwamnati ya sauko daga turakun hanya ya hau na Baffa. Tsohon soja ne, ƙarfen daga Kano ya zo, wa ya san inda bakinsa yake? Baffa bai taɓa cewa wayarsa tana ji ba. Bai kuma taɓa cewa ba ta ji ba. Wani dattijo ya tambaye shi a gindin bishiyar majalisa, sai ya yi dariya ya ce, "Ka gwada zagin gwamna a wurin mana, mu gani."

Kaka ta zo, aka yi girbi, mai shela ya zaga gari da gangarsa ya ce an saki gona. Muka ci kara muka sha kududdufai har suka koma taɓo. Ranar da na ƙarshensu ya ƙafe, na kora shanu ta burtali kamar kullum. Suka sauka da sauri, domin sun san hanya, suka tsaya cak a gaban waya. Ga ruwa suna gani, ga ƙanshinsa. Na sa sanda na gwada janye ta kamar yadda ake janye ƙaya. Ta yi ƙara ta koma inda take.

Baffa yana ciki yana duba rogonsa. Na durƙusa daga waje na gaishe shi.

"A'a, malamin shanu," ya ce. "Ka kawo ɗalibanka ne?"

"Na kawo su, Baffa. Ƙishirwa suke ji. Ta ina ƙofa take?"

"Ƙofa tana can gefen gidana. Faɗin mutum ɗaya da tulu. Kowa ya zo ya ɗiba, ban hana ba."

"Saniya ba ta ɗaukar tulu, Baffa. An yi shela."

"Na ji shela. Rogo ne bai ji ba. Shi yana ƙasa har baɗi."

"To a kewaye rogon, a bar mana hanya."

Ya taso ya zo bakin wayar, ya dafa turke. "Ɗana, ka san abin da ya hana ƙasar nan ci gaba? Mutum ya yi wata shida yana da gona, ya yi wata shida ba shi da ita. Inda na je, abinka naka ne da rana da damina. Ku kai su gulbi. Ƙafa Allah ya ba su, huɗu-huɗu ma."

Gulbi yana can wajen Katagum. Idan muka tashi da hantsi, sai bayan azahar muke isa, su sha, mu juyo. Saniya tana iya wannan tafiya kwana biyu ko uku. Ba ta iya ta rani guda. Abin da ta ci a hanya, hanya ke cinyewa. Sauran masu shanu na garinmu waɗanda ke da samari da yawa suka kwashe garkensu suka koma bakin gulbi da zama. Ni ba ni da wanda zan bar wa makaho da mata da yara. Nono ya fara raguwa a ƙwaryar Inna, mahaifiyata. Ƙashin bayan shanun ya fara fitowa. Masu ciki su suka fi ba ni tsoro, domin su ke zama a baya, kuma wadda ta kwanta a hanya da rani ba kullum take tashi ba.

Na je wurin mai gari. Ya saurare ni da kyau, ya yarda cewa burtali burtali ne, ya yarda cewa da bakinsa aka yi shela. Sai ya rage murya, ko da yake muna cikin zaurensa, nesa da kowace waya. Ya ce, "Da ƙaya ce, da yau na sa an janye. Amma abin waya ba hurumina ba ne. Ka san abin da ake yi wa garin da aka taɓa waya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta gwamnati ba ce. Ba ta zuwa ko'ina. Ta tashi daga turken Baffa ta zagayo ta dawo turken Baffa."

Ya ce, "Kai ka yi boko, kai ka sani. Ni kuwa rawanin nan ɗaya gare ni."

Mahaifina ya aika a kira masa ƙaninsa, suka yi magana a ɗaki, Baffa ya fito yana share ido, amma waya ba ta motsa ba. Mahaifina ya ce mini in yi haƙuri, ciki ɗaya suka fito, ba zai kai ɗan'uwansa gaban alƙali ba yana raye. Na ce to.

Akwai wata jar saniya a garken, uwar yawancinsu, mai ɗan maraƙi a lokacin. Wata rana muna dawowa ta kusa da fadama, ta ɓalle ta nufi tafkin. Ta tura kai tsakanin wayoyi, ta tura ƙirji, ta maƙale. Kafin in fitar da ita, ƙayar ta tsaga mata hantsa. Na kawo ta gida jini na bin ƙafafunta. Inna ta wanke ciwon da ruwan bagaruwa. Maraƙin ya zo zai sha, uwar ta harbe shi saboda zafi.

Washegari ranar kasuwarmu ce. Na idar da sallar asuba na ɗauki gatari ina wasawa. Inna ta fito ta tsaya a kaina.

"Itace za ka?"

"A'a."

Ta dube ni, ta dubi gatarin. "A kan me za ka sare ta? Ƙarfe ba ya saruwa a kan yashi."

Gaskiyarta. Ƙasarmu rairayi ce, kana iya wuni kana tafiya ba ka tsinci dutsen da za ka jefi kare ba. Ta shiga madafa ta fito rungume da tsohon dutsen niƙanta, wanda ta zo da shi daga gidansu, wanda ya sha niƙa har tsakiyarsa ta lotsa. Ta ajiye a gabana.

"Ka dawo mini da shi," ta ce. "Kuma kada ka je yanzu kamar ɓarawo. Ka bari rana ta fito, mutane su fito."

Haka na yi. Na jira har hanyar kasuwa ta cika, domin tana bi ta saman fadama. Na ɗora dutsen a jaki, na kora shanu gaba. Da muka isa, na sa sanda na tsayar da su baya. Na haƙa gindin turaku biyu da suka tare burtali, na girgiza su har suka kwanta, waya ta sauko ƙasa. Na tura dutsen ƙarƙashin waya ta farko.

Mutane sun riga sun taru a kan tudu. Ba wanda ya matso. Wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Kai ɗan nan, ka rufa mana asiri!" Wani ya ce masa ya yi shiru, ana ji. Na ɗaga kai na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, da wayar ma in tana ji, "An yi shela ko ba a yi ba?" Ba wanda ya amsa. Na ce, "Ni na ji an yi." Na sauke gatari.

Ba ta tsinke a sara ɗaya ba. Igiya biyu ce aka murɗe, kuma ƙarfen yana da tauri. Da ta tsinke, sai ta yi tsalle ta naɗo ta kama mini hannu. Nan na sami tabon. Na yage gefen rigata na ɗaure, na koma ta biyu. Ina cikin ta ƙarshe na ji takalman Baffa.

Bai taɓa ni ba. Ya tsaya yana huci, ya ce, "Ka san abin da ka yi?"

"Na sani, Baffa. Na buɗe burtali."

"Ni ka sare. Ni, ƙanin ubanka."

Kafin in ba shi amsa sai ga muryar Inna daga bayana. Ashe ta biyo ni da ƙwaryarta a ka, kamar mai zuwa kasuwa. Tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa a wurinmu, tana iya faɗa masa abin da wani bai isa ba, kuma ba shi da damar yin fushi a gaban jama'a.

"Soja!" ta ce. "Ashe yaƙin bai ƙare ba? Ka gama da Jamus ka dawo kan shanuna?"

"Ke dai ki shiga tsakani, matar yaya. Ɗanki ya yi ɓarna."

"Nonon wa ka sha da ka dawo kamar karan dawa, wuyanka kamar na zalɓe? Na jar saniyar nan ne. Je ka duba hantsarta, ka gaishe ta."

Wani ya yi dariya a kan tudu, ya toshe baki. Na ja wayoyin gefe guda, na naɗe su a jikin turke yadda ba za su taɓa kofato ba, na tsaya tsakanin hanya da rogon Baffa da sandata. Sannan na yi wa shanu kira. Suka sauka. Ba ɗaya da ta waiwayi rogo. Suka shiga ruwa har gwiwa suka sa baki, kuma na daɗe ban ji ƙarar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Garin ya kwana biyu yana jiran abin da zai zo daga Azare. Mai gari bai fito majalisa ba. Ba abin da ya zo. Abin da ya zo daga baya shi ne dogarin alƙalin gunduma, domin Baffa ya kai ƙara.

Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Ya sa aka kawo mai gari da mai shela. Ya fara da tambayar ko wayar ta gwamnati ce. Baffa ya ce tasa ce. Mai gari ya sauke numfashi har aka ji. Alƙali ya ce wa mai shela ya maimaita abin da ya faɗa ranar sakin gona, ya maimaita. Ya tambayi mai gari ko an taɓa ware wata gona daga shela. Ya ce ba a taɓa ba. Ya tambaye shi ko an taɓa rufe mashaya da rani. Ya ce ko a zamanin kakansa bai ji ba.

Sai ya juyo gare ni. "Al'ada ta ba ka ka janye shinge. Ƙaya ake janyewa, a mayar. Kai ka sare."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, na gwada janyewa. Ba ta janyuwa. Wanda ya ƙera ta bai san ana sakin gona ba."

"Me ya hana ka zuwa nan tun farko?"

"Mahaifina ya ce ba zai yi shari'a da ɗan'uwansa ba. Mai gari ya ce ba huruminsa ba ne. Shanu kuwa kullum sai sun sha."

Ya ja carbinsa. Sannan ya yanke hukunci gida biyu. Burtali da mashaya a buɗe suke daga shela zuwa ruwan farko, kuma a buɗe suke da damina ma gwargwadon faɗin burtali. Baffa ya janye wayarsa ya kewaye shukarsa kaɗai. Amma ni na lalata dukiyar wani da hannuna ba tare da hukunci ba, kuma wannan yana da bulala, sai fa in mai dukiya ya yafe.

Baffa ya gyara zama. Na ga a fuskarsa cewa ba ya son a dake ni. Ya ce, "Ɗana ne. Ya ce ya yi kuskure, a gaban mutanen nan, shi ke nan na yafe."

Kowa ya dube ni. Mai gari yana yi mini alama da ido. Kalma biyu ce, kuma na san yadda ake faɗinta. Na matsa gaban Baffa na durƙusa har ƙasa.

Na ce, "Baffa, na durƙusa maka domin kai ubana ne, kuma zan durƙusa maka gobe. Ka yafe mini ɓacin ran da na sa ka. Amma saran ba kuskure ba ne. Da za a mayar da wayar yau, gobe zan nemi dutse."

"Kai, wannan yaro!" in ji mai gari.

Baffa ya kau da kai. Ya ce, "Taurin kan uwarsa ne." Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban ƙara komai ba. Alƙali ya jira mu har ya gaji, sannan ya yi wa dogari alama.

Ba zan ce bulalar ba ta da zafi ba. An yi ta a fili, a ƙofar alƙali, riga a tuɓe. Abin da na riƙe a raina lokacin shi ne, da na ce kuskure ne, da duk wanda ke wurin ya koma gida da cewa shela tana aiki a kan ƙaya amma ba ta aiki a kan ƙarfe. Kuma na san raƙuman da suka kawo wa Baffa waya ba su manta hanyar garinmu ba.

Na iso gida da la'asar. Mahaifina yana zaune a ƙofar ɗakinsa. Ya ce in matso, ya sa hannu ya shafa bayana a hankali, yana bin sawun bulalar da yatsa. Sannan ya ce, "Na ce ka yi haƙuri."

"Ka ce, Baba."

"Sun sha yau?"

"Sun sha. Inna ta kai su."

"To," ya ce, ya janye hannunsa.

Da safe na kora su da kaina, riga a kafaɗa domin baya ba ya son ta. Na tarar da Baffa a fadama shi kaɗai, yana tumɓuke turakunsa yana matsar da su kusa da rogo. Ba wanda ya yarda ya taya shi, har yanzu ana tsoron ƙarfen. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa bai dube ni ba. Na tsayar da shanu, na kama ɗaya bakin turken da yake fama da shi, muka ɗaga tare.

"Malamin shanu," ya ce, "yaya bayan?"

"Da sauƙi, Baffa. Yaya rogo?"

"Yana ƙasa. Ka gaya wa ɗalibanka su bar shi a can."

Rogon ya yi kyau a shekarar, kuma mun ci. Jar saniyar ta warke, sai dai nono ɗaya ya mutu, da uku ta ƙarasa rayuwarta. Masu cikin duk sun haihu, ba wadda ta kwanta a hanya. Dutsen Inna na mayar mata da shi da sabon tsagi a gefe, ta duba ta ce na ɓata mata kaya, ta ci gaba da niƙa a kansa.

Mata ba su daina yin shiru a ƙarƙashin wayar gwamnati ba, har na bar garin. Amma a bakin tafki, kafin ranin ya ƙare, na ji wata tana shanya wanki a kan wayar Baffa tana zagin mijinta da iyakar muryarta, shanuna suna sha a gefenta.